Amsar da Dakta Ta Ƙi Kai wa Habi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar 'yata ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba tana da rai, don a zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma ba a shafin jarida zan fara ba. Dakta nake ce mata, kamar yadda mutanen Dangora suke ce mata, ko da yake ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Ita kuma Yaya take ce mini, don a hannun mahaifiyata ta tashi, ta ji ƙannena suna kira na haka ta ɗauka. Wanda ya buɗe wannan shafi yana jiran kuka ya yi haƙuri. Na yi nawa a lokacinsa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai wata amsa da ta bar mini in kai wa wata mata, na riƙe ta shekaru ban kai ba, kuma ina so a san yadda aka yi.

Ni ungozoma ce. Na fi shekara talatin ina yanke cibi daga Dangora har rugagen da suke wajen Ɗansoshiya. Ban san ko baƙi ɗaya na boko ba sai bayan ta rasu, ina da hamsin da 'yan kai, na shiga ajin yaƙi da jahilci na zauna a benci ɗaya da jikokin ƙawayena. Saboda haka in kun ga rubutuna ya karkace, ku san daga inda ya fito.

Aikin Dakta ba shi da suna a Hausa lokacin da ta fara shi. Ranar da ta fara yi mini bayani ina tankaɗen garin dawa, ta zauna a kan turmi ta ce jikin mutum gaba ɗaya da wasu 'yan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da tantanin da ya rufe ta. To su waɗannan ƙwayoyin suna ɓantaro ɗan tantani su naɗe wani abu daga cikinsu, su sake shi a ruwan jiki. Yana cikin jini, yana cikin fitsari, da yawu, da hawaye, da ruwan da jariri yake kwance a ciki, da nonon uwa. Ta ce da can masana sun ɗauka shara ce kawai ƙwaya take zubarwa. Daga baya suka lura wata ƙwayar tana ɗaukar abin a can wani wuri, ta buɗe, halinta ya canza. Aikinta shi ne ta ware waɗannan abubuwa daga nono, ta san girmansu, da yawansu, da abin da suke ɗauke da shi.

Na ce mata, "Duk karatun nan da kika yi, har da tsallaka ruwa, sharar nono kika koyo?"

Ta ce, "Yaya, ai ke ma shekara talatin kina binne mahaifa, ba wanda ya ce miki mai shara."

Haka take. Ba ta ɗaga murya, amma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

Da ta tashi neman matan da za su ba ta nono, ni na tara mata su a gidan mai unguwa, don ni suka sani. Ta miƙe da farar rigarta ta fara bayani, sai ta rasa kalmar da za ta kira abin, ta ce a cikin nonon kowace mace akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle, su take so ta ciro. Ban taɓa ganin tsakar gida ya watse da sauri irin na ranar ba. Wanda ya tashi a birni ba zai gane ba. A wurinmu in aka ce akwai ƙulli a jikinki, sammu ake nufi. Ga kuma mace ta zo da kwalabe tana neman ruwan jikin mutane, abin da kowace uwa take gargaɗin 'yarta kada ta bari ya shiga hannun wani. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa cewa 'yar ungozoma ta dawo da asirin Turawa.

Da muka koma gida na ce mata ta sake yi mini bayanin, a hankali. Ta sake. Na ce, "Wannan ai ƙunshi ne. In zan gayyaci mace biki, goro nake sawa a ganye in naɗe in aika gidanta. Ganyen ya tsare goron kada ya bushe, ita kuma da ta buɗe ta san saƙon." Ta ɗauko littafinta ta rubuta. Daga ranar ƙunshi muke cewa. Sai da na bi gida gida sati biyu ina gyara ɓarnar kalma ɗaya. Sai kuma da aka je wurin limamin unguwa, don wasu sun tambaya ko za a shayar da wani yaro nonon, su wayi gari 'ya'yansu suna da ɗan'uwan shayarwa a Kano ba su sani ba. Dakta ta rantse ba bakin da zai taɓa shi. Aka yarda.

Wadda ta fara zuwa da kanta Habi ce, matar wani makiyayi daga rugar da ke bayan Ɗansoshiya. A nan dole in koma baya, don Habi ce dalilin wannan rubutu.

Mu abin da muka gada shi ne, nonon farko mai kauri mai rawaya, wanda ake ce wa dakashi, tatse shi ake yi a zubar. Bayan kwana biyu ko uku sai ungozoma ta gwada nonon mai jego, musamman a haihuwar fari. A tatsa a ludayi, a kamo kiyashi a jefa. In sun fito da ƙafarsu, nono lafiya. In sun mutu, nono yana da dafi, sai a hana jariri har a wanke uwar da sassaƙe. Ni na karɓi haihuwar Habi ta fari, namiji, cikakke, mai ƙarfin kuka. Na jefa kiyashi uku, duka suka mutu. Na ce a hana. Bayan kwana biyu na sake, suka sake mutuwa. Aka yi ta ba yaron madarar shanu da ruwan rafi da jiƙo. Gudawa ta kama shi. Bai kai arba'in ba.

Ba wanda ya zarge ni. Cewa aka yi Allah ya sa ungozoma ta gano da wuri. Habi ce ta ɗauki sunan: mai mugun nono. Duk haihuwar da ta yi bayan nan sai an raba ta da jaririn kwanaki, wata ta shayar mata ko a ɗura masa madara, ita kuma tana gefe tana shan ɗaci, ƙirjinta ya kumbura kamar zai fashe. In yaronta ya yi zazzaɓi, nononta ne. In ya yi jinkirin tafiya, nononta ne. Kuma a ruga an yarda abin gado ne, uwa tana ba 'ya.

Lokacin da Dakta ta zo Habi tana goyon autarta. Ta shigo gidanmu da ƙwaryar nono a ka, ta sauke, ta gaishe ni har ƙasa kamar kullum, sannan ta juya wurin Dakta.

"An ce kina da madubin da yake ganin abin da ke cikin nono."

"Yana ganin wani abu, ba duka ba."

"To ɗebi nawa. Ba na son sabulun da kike ba mutane. Ki duba ki gaya mini ko akwai dafin. In akwai in sani, in babu in sani."

Dakta ta ce ba za ta yi mata alkawarin abin da injinta bai iya ba, amma duk abin da ta gani za ta sa a gaya mata. Ina zaune ina ji.

Sau ɗaya na bi ta wurin aikinta. Da sassafe muka ɗauki kula cike da ƙanƙara, 'yan kwalabe a ciki, muka hau mota a Kwanar Dangora, tana rungume da kular kamar jariri har muka wuce Bagauda muka shiga Kano. Ta ce in nonon ya yi ɗumi ko ya daɗe, abin da za ta gani ba shi ne abin da ya fito daga jikin uwa ba. A ɗakin gwajin akwai wani inji mai murfi da yake wulwula kwalabe. Ta ce da farko a hankali ake juyawa, maiƙo ya taso sama a kwashe, kamar yadda matan Fulani suke kaɗa nono su fitar da mai. Sai a ƙara gudu, manyan gutsattsari su kwanta a zubar. Sai a tace. Sai a ƙara gudu ƙwarai na sa'o'i, har wani ɗan abu ya kwanta a gindin kwalba wanda ni ko ganinsa ban yi ba. Muna tsaye aka ɗauke wuta, injin ya yi ƙugi ya fara sassautawa, ta fita da gudu tana kiran mai janareta. Aikin yinin ya lalace. Ba ta yi tsaki ba, ta rubuta a littafi cewa ya lalace.

Ta nuna mini hoto a kwamfuta, wasu 'yan da'irori masu lotsawa a tsakiya kamar ƙananan faifai. Ta ce ko wannan hoton sai da ta aika da samfur wata ƙasa aka ɗauko mata, don madubin da yake iya ganinsu babu shi a inda take. Ta ce wahalar nono ita ce akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule na madarar kanta masu girma ɗaya da ƙunshin, suna bin sa duk inda ya je, don haka sai ta nemi wasu alamomi da ke jikin tantanin kafin ta yarda ƙunshi ta kama. Ba kuma iri ɗaya ba ne. Wani a cikin ƙwaya ake haɗa shi a tara sannan a saki, wani daga bakin tantani yake tsirowa ya ɓalle, wani kuma ƙwayar da take mutuwa ce take farfashewa. A ciki akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, akwai maiƙo, akwai gutsuren irin rubutun da ƙwaya take bi ta yi aikinta. Ana zaton na nono yana isa hanjin jariri ya taimaka wa bangon hanjin ya yi ƙwari, ya kuma koya wa garkuwar jiki hankali. Ta nanata mini kalmar zato. Ta ce ba kowane ƙunshi ne alheri ba, ciwon daji ma yana aika nasa ya shirya wa kansa masauki a wani sashe na jiki.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Na ce, "Na Habi fa?"

Ta ce kwalaben ba su da suna, lamba gare su, sai ta gama za ta buɗe takardar da ta haɗa lamba da suna. Na ce ta bar wannan iyayi, ta je ta ce wa baiwar Allah nononta lafiya, magana ta ƙare. Ta ce injinta ba alƙali ba ne, ƙunshi yake ƙirgawa, ba ya rantsuwa a kan dafi. In ta je ta ce inji ya wanke Habi, ta yi ƙarya, kuma gobe wani zai zo da nasa injin ya ce ya kama wata.

Bayan wata biyu ta zo gida hutu. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma, ta jera ludayi uku. Ɗaya ruwa, ɗaya madarar shanu da aka tsinka, ɗaya zuma. Ta kamo kiyashi a bakin rumbu ta jefa uku uku. Na ruwa suka yi iyo suka kama baki suka fita. Na madara biyu suka fita. Na zuma ko motsin kirki ba su yi ba.

Ta ce, "Yaya, zumar ma dafi gare ta?"

Na ce mata ta kwashe mini tarkacenta.

Ta ce, "Kauri ne yake riƙe su. Nonon da ya fi kauri shi ya fi kashe su, kuma shi ne wanda jariri ya fi buƙata. Wannan ba sai da injina ba. Amsar Habi tana hannunki tun kafin in shiga makaranta. Ni zan kai mata abin da na gani. Amma wannan ke za ki kai, don ke kika faɗa."

Har ta koma Kano ban ƙara yi mata magana ba in ba amsa gaisuwa ba. Ina rubuta wannan ne yadda ya faru. Yarinyar da na haifa ta zaunar da ni ta nuna mini da ludayina cewa na kashe ɗan mutane, kuma na san gaskiyarta tun kafin kiyashin zumar su daina motsi. Abin da na yi shi ne na daina gwajin a ɓoye. In an kawo ludayi sai in ce na duba da ido, lafiya. Ban gaya wa kowa dalili ba. Na tsare waɗanda za a haifa, na bar Habi da sunanta.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke Dakta, tun ba ta kai wa Habi abin da ta gani ba. Ya daɗe yana cin ta ba a sani ba, sai da ƙafafu suka kumbura. Muna asibiti ana yi mata wankin ƙoda ta ce mini da dariya, "Kin ga abin haushi, Yaya? Ƙodar nan ta yi shekaru tana aiko mini da ƙunshi a fitsari, ni da nake wannan aiki ban iya karantawa ba." Ta ce wata rana mai yiwuwa a duba fitsarin mutum a ga ƙodarsa ta fara kuka tun bai ji komai ba. Ba ta ce gobe ba. A cikin watannin nan muka shirya, ba tare da kowa ya ba kowa haƙuri ba. Ba ta sake ta da maganar Habi ba, ni ma haka. Kafin ta rasu ta ba ni wani littafi mai koren bango ta ce da Hausa ta rubuta, in nemi mai karanta mini.

Ban nemi kowa ba. Na san sunana yana ciki, kuma ba zan zauna wani ɗan makaranta ya karanta mini laifina da bakinsa ba. Wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Mutane suna ta yabo wai tsohuwa ta ga darajar ilimi. Girman kai ne ya kai ni. Shekara uku na yi kafin in iya bin rubutun hannunta, don rubutun nata kamar kaza ta bi ta kan laka.

Yawancin littafin bayanin ƙunshi ne, irin wanda na ba ku a sama, daga can na kwaso shi. A kusa da ƙarshe akwai shafi guda mai sunan Habi. Ta rubuta cewa ta buɗe takardar lambobi. Ƙunshin da ke nonon Habi, a girmansa da yawansa da alamomin da ta duba, yana cikin na sauran mata, ba ta ga abin da ya ware shi ba. Ta ja layi a ƙarƙashin wannan: ban ce na ga komai da komai ba, na ce abin da na duba ban ga bambanci ba. A ƙasa ta ƙara da cewa sauran bayanin yana wurin Yaya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yau. Jikata ta nuna mini a waya masu tallar man shafawa suna kiran sunan abin da Turanci, eksozom, wai yana mayar da tsohuwa yarinya, yana goge tabo, yana tsirar da gashi. Har wani na gani yana cewa nasa yana maganin ƙoda. Matar da ta ƙi cewa inji ya wanke Habi, alhali ƙaryar alheri ce, ban san irin kallon da za ta yi wa waɗannan ba. Ina jin za ta tambaye su a wane sanyi suka ajiye shi, da wace alama suka tabbatar shi ne, su kuma su toshe ta a wayar. Abokiyar aikinta, Malama Rabi, tana zuwa gaishe ni duk sallah. Na tambaye ta ko an kai ga gwajin fitsarin nan. Ta ce ana ta aiki a duniya, an ci gaba, amma ba abin da za ta ce in je asibitinmu in nema ba tukuna. Wannan amsar ta yi kama da ta Dakta, shi ya sa na yarda da ita. Abin da zai faranta mata kuwa shi ne yanzu a asibitocin karkara ma ana gaya wa mai jego ta sa jariri a nono da zarar ya faɗo, dakashin ma shi ake so. Sai dai ba kowace haihuwa ce take zuwa asibiti ba, kuma ludayi bai ƙare a rugage ba.

Ko bayan na karanta shafin, sai da na ƙara shekara biyu ina zaune. Na ce wa kaina su Habi sun tashi, sun koma wajen Doguwa neman kiwo, ban san rugarsu ba. Na ce ƙafata tana ciwo. Dalilai ba su yi mini wuya ba.

Bara da kaka na je kasuwar Tudun Wada, na tsaya sayen man shanu wurin wata Bafulatana, hira ta kai mu ga Habi. Ta ce ai 'yarta Dije tana da tsohon ciki, na fari, kuma tsofaffi har sun tanadi sassaƙe da akuyar da za a tatsa, tunda an san gidan da ta fito. Na dawo gida na ɗauki ludayi uku da kwalbar zuma da koren littafi. Washegari na hau motar Doguwa, daga nan ɗan acaba ya kai ni gindin duwatsu, na ƙarasa da ƙafar nan mai ciwo.

Habi ta tsufa fiye da shekarunta. Ta gane ni, ta durƙusa za ta gaishe ni, na ce ta tashi, ta tara mini matan rugar, har da uwar mijin Dije. Suka taru a inuwa suna zaton na zo duba ciki. Na jera ludayi na yi abin da Dakta ta yi. Da kiyashin zuma suka mutu na tambaye su ko zuma tana da dafi. Uwar mijin, wata doguwar tsohuwa mai kaifin baki, ta ce, "Zuma daban, nono daban. Ke da kika koya mana, yau kuma kin zo da sabon salo? Ko boko ne ya hau miki ka da tsufa?"

Na ce, "Ni na koya muku, shi ya sa na zo da kaina. Nonon Habi kauri gare shi, ba dafi ba. Ɗanta na fari ni na hana shi abincinsa aka ba shi ruwan rafi. Ba nononta ne ya kashe shi ba. Hukuncina ne."

Na buɗe littafin na karanta shafin Habi da ƙarfi, ina bin layi da yatsa, har da wurin da aka ja layi, don in na tsallake shi na ci amanar mai rubutun.

Habi ta ce, "Yaushe ta rubuta wannan?"

Na ce kafin ta rasu.

"Ke kuma yaushe kika sani?"

Na ce kafin ta rubuta.

Sannan ta ce, "Inna, 'ya'ya biyu na aurar a tsakanin nan, kowacce da sunana a kanta." Ta tashi ta shiga bukka. Ba ta kawo mini ruwa ba, kuma wanda ya san Fulani ya san abin da wannan yake nufi. Na tattara ludayina na kama hanya.

Bayan kwana goma sha wani abu aka yi mini waya daga Doguwa cewa Dije ta sauka, mace. Wadda ta kira ta ce an yi rigima. Uwar miji ta kawo ludayi, Habi ta karɓe shi ta jefa a wuta, ta ɗauki jaririyar ta ɗora a ƙirjin uwarta, ta zauna a bakin bukka da sanda ta ce wanda ya isa ya zo ya cire. Matar da ta yi shekaru ba ta ɗaga ido a gaban surukai. Yarinyar ta sha dakashinta.

Na je suna ba a gayyace ni ba. Habi ta gan ni, ba ta durƙusa ba, ta miƙo mini jaririyar ta faɗi sunan da aka raɗa mata. Sunan Dakta ne. Ta ce, "Ba don ke aka sa ba." Na ce na sani.

In aka ce in auna abin da ya rage na 'yata, ba shi da yawa a ido. Takardun da ta wallafa da Turanci suke, ban iya karanta su ba, Malama Rabi ta ce masu aikin suna ambatonsu jefi-jefi. Kwalaben da ta tara sun lalace wata shekara da firiza ta mutu. Ba ta gano maganin komai ba, kuma da kanta za ta fara gaya muku haka. Abin da na ga ya rage shi ne kalmar ƙunshi, da nake ji yanzu a bakin matan Dangora in suna lallashin mai jego ta ba da nonon farko, ba su ma san daga inda ta fito ba. Sai halinta na ƙin faɗin abin da ya wuce saninta, wanda ya tilasta mini faɗin abin da na sani. Da ta yi mini yadda na so ta je ta wanke Habi da sunan inji, da har yau ina nan da mutuncina, da ludayi yana nan da nasa.

Habi ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ba abin da za a roƙa da baki ba ne. Nakan je Doguwa duk bayan wata biyu in ƙafa ta bari. Yarinyar ta fara rarrafe, ƙatuwa, mai ƙarfin kuka. Yanzu ana kawo mini ruwa. Matan rugar suna yi mini dariya don duk yadda suka kira ta da sunanta a gabana, ni bakina ba ya iyawa. Dakta nake ce mata. Allah ya ji ƙan mai sunan, ya raya wannan.